Sarkin Nan Ba Shi da Ƙanne?

Duk wanda ya yi firamare a Arewa cikin shekarun 1970 ya san ƙasar Sarki Abdurrahman ɗan Alhaji, ko da yake babu taswirar da za ka buɗe ka gan ta. Can gabas aka ce take. A kanta Abubakar Imam ya ɗora Magana Jari Ce, wanda ya fara fitowa daga Zariya a 1937. Mu da muka taso a cikin birnin Kano mun fi sanin fadar wannan ƙasa a kan wadda ke unguwa biyu da gidanmu. Ƙofar Kudu sai dai mu leƙa mu wuce, kafin dogari ya daka mana tsawa. Waccan kuwa har inda ɗan sarki yake kwana muna shiga.

Zancen sananne ne. Sarki ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri ya sa rai shi zai gada. Aka yi roƙon Allah aka sami Musa, 'yar sarki kuma ta haifi Mahmudu. Waziri ya ga abin da ya ƙwallafa wa rai zai kuɓuce, ya ƙulla da Sarkin Sinari, Sarki ya fita yaƙi, aka bar Musa a gida. Kullum dare ana neman hanyar fitar da shi, wani aku yana riƙe shi da labari har gari ya waye.

Kakana na wajen uba, Baba Tsoho muke ce masa, bai iya boko ba, ajamin da ya iya ma ido ya fara hana shi. Ni nake karanta masa bayan lisha a zaure, fitilar ƙwai a tsakaninmu, shi a kan buzu yana murza goro a magogi saboda haƙora sun tafi. Labaran da aku ke bayarwa suna kashe shi da dariya, wani ya sa in maimaita. Amma da mun komo kan Waziri sai ya ɓata fuska.

Ran nan ya ɗaga hannu ya ce, "Tsaya, abokina. Sarkin nan ba shi da ƙanne?"

Na ce, "Ba a faɗa ba, Baba."

"'Ya'yan wansa fa? 'Ya'yan baffansa? Duk gidan sun ƙare?"

Na yi shiru.

Ya ce, "To a wace ƙasa waziri yake gadon sarki? Bara ne fa, komai girman rawaninsa. In sarki ya rasa ɗa, gida ba ya rasa mai so. Ka tambayi mai littafin nan inda ya ɓoye 'yan uba."

Daga nan ya ajiye mini ƙasar gabas ya ɗauko tamu. Shi bai ga Basasar Kano ba, bayanta aka haife shi, amma ubansa ya gani, yana cikin masu riƙe wa wani hakimi doki a ɓangaren da aka ci. Abin da ya faɗa mini a daren, daga baya na same shi a littattafan tarihi, sai dai su da shekaru, shi da sunayen garuruwa da na dawaki. Abdullahi Maje Karofi da Muhammadu Bello duk 'ya'yan Ibrahim Dabo ne. Abdullahi ya daɗe a kan gado, ya bar 'ya'ya birjik, da yawansu da rawani. Da Bello ya hau sai ya shiga tuɓe su yana naɗa nasa. Ya rasu a 1893, Wazirin Sakkwato Buhari yana Kano, umarni ya zo daga Sarkin Musulmi Abdurrahman cewa a naɗa Galadima Tukur ɗan Bello. 'Ya'yan Abdullahi suka ƙi mubaya'a, suka bi ɗan'uwansu Yusufu suka fice zuwa Takai. Yusufu bai ga ƙarshen abin ba, ya rasu a Garko, aka ɗora ƙaninsa Alu, wanda uwarsa jinin Sakkwato ce, kuma wannan ba ƙaramin lissafi ba ne ga masu neman a yarda da su bayan sun ci. Alu ya shiga Kano a 1894. Tukur ya fita, aka cim masa a Tafashiya a 1895.

Baba Tsoho ya ce, "Ka ji mugun waziri a ciki? Ɗan wa da ɗan ƙani ne. Tuwo ɗaya suka ci suna yara." Ya kuma ce mini gidan da muke zaune ba shi ne gidanmu na asali ba, wancan an ba wani bayan an shigo gari. Bai faɗi unguwar ba, na tambaya ya ce in ci gaba da karatu.

Sai daga baya na lura da cewa wannan zance a zaure kaɗai yake yin sa, kuma sai baƙi sun watse. Zancen Sarki Sanusi, da aka yi binciken kuɗin En'e ya bar gado a 1963 ya koma Azare, shi ko a zauren ma ba a yi da ƙarfi, don a unguwa ɗaya akwai masu kuka da masu murna, kuma duk suna haɗuwa a sahu ɗaya. Amma Wazirin ƙasar gabas, kowa ya ga dama ya tsine masa a bainar jama'a. Mata a bakin murhu ma suna yi.

Ni da wani abokina, ɗan ajinmu, mun riga mun fara rubuta namu labarin a littafin aikin gida, irin mai jadawalin sau a bangon baya. Ƙasarmu tana bayan teku, sarkinta adali, wazirinta baƙin mugu mai jajayen idanu, kuma maimakon aku mun sa hankaka don kada a ce mun kwafa. Bayan daren nan na je na ce masa sai mun sake. Muka yi wa sarki ƙanne biyu da 'ya'ya daga ɗakuna uku. Na riƙa komawa wurin Baba Tsoho ina ɗebo kaya. Shi ya koya mini cewa sarki ba ya naɗa magajinsa da bakinsa, akwai masu zaɓe: a Kano Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ya ce duk da haka kada in raina bayin sarki, Shamaki da Ɗan Rimi da Sallama, don su suke sanin sarki ya cika tun gari bai sani ba, kuma sa'o'in nan da ke tsakanin cikawa da sanarwa nan ake ƙulla abin da ake ƙullawa. Ya ce in sa jakadiya, ita take shiga inda namiji ba ya shiga, ta fito da magana a bakin zane. Ya ce in ba kowane ɗan sarki uwa, in san 'yar wace ce, don rabin ƙarfinsa daga can yake. Ya ba ni misali da Zazzau, inda gida huɗu ke neman gado ɗaya: Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa.

Labarin ya yi daɗi, amma ya ƙi ƙarewa. Da muna da mugu ɗaya, mun san inda za mu: a tona asirinsa, a hukunta shi, a buga tambari. Yanzu kowa na da hujja. Babban ɗa ya ce shi ne babba. Ƙanin sarki ya ce ya jira shekaru, da shi aka kafa ƙasar. Ƙaramin ɗa uwarsa 'yar sarkin maƙwabta ce, a taɓa shi a jawo yaƙi. Abokina yana son babban, ni ina son ƙanin, har muka yi kwanaki ba ma magana a kan mutanen da mu muka ƙirƙire su.

Ban yarda Imam bai san duk wannan ba. Mutumin da ya koyar a Midil ta Katsina, garin da Turawa suka ɗauke sarauta daga Dallazawa suka ba Muhammadu Dikko a 1906, ba sai an gaya masa yadda gado ke canza gida ba. Gaskiya ne ƙashin labarin daga gabas ya ɗauko shi, inda aku mai hana fita da mugun waziri tsofaffin kaya ne. Amma a ganina aron ya yi masa rana. Littafi ne na makaranta, a hannun Bature Rupert East aka shirya shi, 'ya'yan sarakuna da na hakimai za su karanta a aji ɗaya, wasunsu jikokin waɗanda suka yi wa juna yaƙi. Ka rubuta wa da ƙani suna farautar juna, kowane gari sai a ce da su kake. Waziri kuwa ba shi da dangi a cikin littafin, babu mai jin haushi don an ci mutuncinsa. A ƙarshe ma rawaninsa aka ɗora wa tsuntsu, aka yi dariya aka tashi.

Mu dai ba mu da wannan dabara. Muka kai wa malamin Hausa littafin, muna jiran yabo. Ya kwana da shi, washegari ya kira mu bayan an tashi, ya tura ƙofa. Ya ce rubutun ya yi kyau, ya gyara mana ƙa'ida da jan biro. Sannan ya buɗe wani shafi ya ɗora yatsa a kan Ciroma da Galadima da Wambai, ya tambaye mu wa ya ba mu wannan. Na ce kakana.

Ya ce, "Ka gaishe shi. Amma waɗannan sarautu da masu su a gari, 'ya'yansu ma suna makarantar nan. Ku cire su. Ina wazirin da kuka fara da shi?"

Abokina ya ce, "Mun kashe shi a shafi na huɗu, Malam."

Ya ce, "Ku tashe shi."