Tayar da ke zafi ba ruwa take nema ba



A garinmu, can ƙasar Tibiri, mota ɗaya gare mu: wata tsohuwar Peugeot J5 da muka haɗa kuɗi muka saya. Tun 1981 aka fara ƙera irinta. Wannan kuwa a da ɗakin kwanan wani Bature ce, irin waɗanda a wancan zamani suke ratso Sahara ta Tamanrasset da Arlit su sayar da motocinsu a Nijar. Har yau ana ganin gurbin gado da na murhu a cikinta. Ita ke kai mu kasuwa, ita ke ɗaukar amarya, ita ke kai mai naƙuda likita tsakar dare.

Bayan daminar bara sai ta tsiro da wani hali. Da safe lafiya lau take tashi. An yi 'yar tafiya kaɗan, sai ta yi nauyi, sitiyari ya riƙa ja wajen dama, wari ya taso kamar ana babbakar fata. Ka kai hannu kusa da tayar gaba ta dama, ba ka iya taɓa ta. Mu kuma maganinmu ɗaya: a tsaya, a sauko da bido, a kwara mata ruwa, a ɗan huta, a wuce. Wata uku muna haka. Har wani ya ba mu shawara a bakin hanya cewa a daddatse bututun man birki na wannan ƙafar, a kashe ta baki ɗaya, sauran uku sun isa. Saura kaɗan mu yarda.

Ranar da muka gane kurenmu, matar ƙanenmu muka ɗauko da dare, haihuwa ta zo da gardama, an ce a wuce da ita Dogon Dutsi. Mun hau kwalta, mun bar Kore Mairuwa a baya, ba wanda ya yi zancen tsayawa zuba ruwa. Kwatsam sai ga amalanken jaki ba fitila. Direba ya taka birki, birki ya nutse kusan ƙasa. Da giya da birkin hannu ya samu ya tsayar da ita, hayaƙi na tashi daga tayar. Muka zauna bakin hanya muna jiran ƙarfe ya huce, baiwar Allah tana nishi a baya. Allah Ya yi da sauran kwana, ta sauka lafiya, ita da ɗiyarta.

Da gari ya waye muka kai motar wurin wani dattijon bakanike a Dutsi. Ya saurare mu, sa'annan ya ce: "Yara, ku dai ba ku nemi ciwon ba, zazzaɓin kunka yi ta ba ruwa."

Ya ɗaga gaban motar da jak, ya sa direba ya taka birki sau da yawa ya saki. Tayar hagu ta juya sumul. Ta dama ta ƙi, sai da hannu biyu. Ya ce mana abu uku ke riƙe birkin gaba. Ko fistan da ke tura falaket ya yi tsatsa ya ƙi komawa, shi ko sandunan da ƙarfen birkin ke zamewa a kansu. Ko tiyon roba da ke kawo mai ya kumbura ta ciki. Ko kuma babban famfon birki ya hana mai komawa tukunyarsa, amma shi wannan yawanci ƙafafu biyu yake kamawa tare.

Sai ya ɗauki sifana ya sassauta ɗan notin da ake fitar da iska. Mai ya yi tsartuwa, taya ta saki nan take. Ya ce: "Kun gani? Da tsatsa ce, ko na buɗe ba ta saki. Mai ne ya shiga ya kasa hita." Ya ɗaure, aka sake takawa, ya sassauta bututun ta saman tiyon. Taya ba ta motsa ba. Ke nan toshewar tana cikin tiyon. Da ya yanka shi, waje lafiya, ciki ya ruɓe ya kumbura. Ƙarfin ƙafa na tura mai ya wuce, amma ba abin da zai turo shi baya.

Man da ya fito baƙi ƙirin. Dattijo ya dube mu: "Yaushe rabon ku canza shi?" Muka yi shiru. Ƙarshe karen mota ya ce: "Baba, gaskiya ƙari kawai muke yi, kuma sau ɗaya da ya ƙare a daji, ruwan sabulu munka zuba."

Ga abin da ba mu sani ba. Man birki yana tsotsar ruwa daga iska. Sabon DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma in ya sha ruwa yana iya saukowa wajen 155. In ya tafasa sai ya zama tururi, tururi kuwa matsuwa yake, shi ya sa birki ya nutse a daren nan. Don haka ake so a canza shi duk shekara 2. Man inji ko na giya kumbura robobi yake. Ruwan da muke kwarawa kan faifai mai zafi yana iya lanƙwasa shi ko ya tsaga shi. Kashe ƙafa ɗaya kuwa ganganci ne, don birkin gaba shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayarwa, kuma ranar da aka taka da ƙarfi gefe guda motar za ta fizga.

Aka canza tiyo biyu na gaba, da falaket, aka wanke man gaba ɗaya. Kuɗin bai kai na ɗan akuya ba. Mun ƙone fiye da haka a man mota cikin wata ukun nan.

Ba motarmu kaɗai ba ce. Daga Matankari zuwa Gesheme, duk ranar kasuwa za ka ga mota a gefen hanya ana yi wa tayarta wanka, fasinja na zaune ƙarƙashin gawo suna jira. Direbobinmu, ku yi haƙuri, ku ɗaga motar a bincika. Mu fasinja kuma, in mun ji warin nan, mu buɗe baki mu yi magana.

Allah Ya tsare hanya, Ya raya mana jaririyar nan.