Wuni Guda a Panteka

Wanda bai taɓa zuwa Panteka ba, kunnensa ne zai fara gaya masa ya iso. Tsohuwar Panteka tana Tudun Wada a cikin garin Kaduna, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha. Daga safe har faɗuwar rana guduma ba ta hutawa a wurin. Nan ake narka tsohon alminiyam a zuba tukwane. Nan ake ƙera murhun gawayi, da ƙofofin ƙarfe, da injin markaɗe, da akwatunan nan da 'ya'yanmu suke ɗauka zuwa makarantar kwana. Ƙarfen da aka jefar a bola, a Panteka sai ya sake samun aiki.

Kaduna kuwa ta daɗe da sanin mota. A Kakuri aka fara harhaɗa Peugeot a shekarar 1975, wadda muke kira Fijo, kuma an yi ta fitar da ƙirar 504 har zuwa 2006. Amma motocin da yawancin iyalai suke hawa yanzu tsofaffi ne da aka yi aiki da su a Turai ko Amurka kafin su iso mana. A yawancin ƙasashen nan, idan sanyi ya yi tsanani, akan watsa gishiri a kan titi domin ƙanƙara ta narke. Gishirin yana manne wa ƙasan mota shekara da shekaru. Saboda haka mota takan zo da fenti mai ƙyalli a sama, a ƙasa kuwa tsatsa ta riga ta fara cin abincinta.

Irin wannan mota ce ta kai mu Panteka. Mu uku ne, dukanmu malamai, muka tashi daga Kafanchan a ƙarshen hutun damina domin mu sayo littattafai da alli. Mun wuce Zonkwa lafiya, mun wuce Kachia, sai muka ji wani abu yana bugun motar daga baya kamar mai neman a buɗe masa ƙofa. Da muka faɗa wani rami, ƙarar ta koma ta ƙarfe yana jan ƙasa. Muka tsaya muka leƙa. Ashe tukunyar salansa ta baya ce ta sauko, tana lilo a bakin bututu. Direbanmu ya jira ta huce, ya ɗaure ta da waya, muka ci gaba a hankali da gilasai a buɗe.

Mai waldan da aka nuna mana dattijo ne mai furfura, da yara uku masu koyon aiki. Bai tambaye mu kome ba. Ya sa aka ɗaga bayan motar da jak, aka tokare ta da manyan katakai, gama ba ya yarda yaronsa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai yake riƙe da ita. Sa'an nan ya kira mu. "Malam, ku durƙusa ku gani da idonku, kada ku ce na ƙara muku kuɗi a banza."

Muka durƙusa. Abin da muka gani ƙarami ne ƙwarai. Salansa ba a ɗaure take da jikin mota kai tsaye ba, rataye take. Akwai ƙugiya ɗaya a jikin mota, akwai wata a jikin tukunyar, sa'an nan wata roba mai kauri ta haɗa su biyun. Ƙugiyar jikin motar ce tsatsa ta cinye har ta koma kamar tsinken tsire, ta karye. Da ta karye, nauyin duka ya koma kan robar da ke gaba, ita ma ta tsage.

Muka ce, "To, Baba, me ya sa nan baya ne ya lalace, gaba kuwa inda wuta take bai yi kome ba?" Amsarsa ta yi daidai da abin da muke koya wa yara a ajin kimiyya, ko da yake shi da hannu ya koye ta. Idan fetur ya ƙone, ba hayaƙi kaɗai yake fitarwa ba, har da ruwa. Lita 1 ta fetur takan ba da ruwa kusan lita 1, yana fita kamar tururi. Kusa da inji zafi yana korar tururin. Amma bayan salansa shi ne wuri mafi sanyi, nan tururin yake komawa ruwa ya kwanta. Motar da ake zuwa kasuwa da ita a dawo, tafiyar minti goma, ba ta yin zafin da zai busar da shi. Ruwan yana cin tukunyar daga ciki. Daga waje kuma tayoyin baya suna watsa wa ƙugiyoyin taɓo dukan damina, taɓon ya zauna a kusurwa yana riƙe da laima. Ga kuma gishirin da motar ta zo da shi.

Ɗaya daga cikinmu, mai son a gama da wuri, ya ce a manne tukunyar da jikin motar da walda kawai, a huta da zancen roba. Dattijon ya ƙi. Mu kuwa muna ganin gaskiyarsa, kuma wannan shi ne wurin da ake cutar masu motoci da yawa a bakin hanya. Inji yana girgiza a kan mazauninsa, salansa kuma haɗe take da shi, dole ta bi motsinsa. Ƙarfe yana miƙewa idan ya yi zafi. Bututu mai tsawon mita 3 yakan ƙaru da kusan santimita 1 idan ya gasu sosai, ya koma idan ya huce. Idan aka manne shi a baya, ba shi da wurin zuwa, sai ya tsage a gaba, sau da yawa a mahaɗin da ke kusa da inji, inda gyara ya fi tsada. Ƙarar inji kuma za ta bi ƙarfen ta cika motar. Waya ma ta kai mutum gari ce kawai. Tana goga ƙarfe, tana tsinkewa ba sallama.

Kafin a kunna wuta, ya sa yaro ya cire kan batir, gama motocin yanzu suna da kwamfuta a ciki, wutar walda tana iya ƙona ta. Ya duba inda tankin fetur yake da bututunsa, ya shinshina, ya kare wurin da fallen kwano da jiƙaƙƙen buhu. Ya kankare tsatsar da burushin ƙarfe har ya kai ga lafiyayyen ƙarfe mai haske, domin walda ba ta kama tsatsa. Ya yanko sandar ƙarfe mai kaurin ɗan yatsa, ya gasa ta, ya lanƙwasa, ya gwada, ya sāke lanƙwasawa. Sai a gwaji na uku ya gamsu. Ya bar ɗan kai a bakin ƙugiyar don kada robar ta zame. Aka aiki yaro ya sayo sabbin robobi biyu. Inda ba a samu ba, masu walda sukan yanka tsohuwar taya su huda ta, tana kuwa yin aiki, sai dai takan fi ta ainihi tauri. Aka shafa wa robar ruwan sabulu ta shige. Ba a shafa mata baƙin mai, gama mai yana ruɓar da roba. A ƙarshe ya shafa wa sabuwar ƙugiyar jan fenti.

Akwai dalilin da ya sa muka kawo wannan zance a shafin iyali. Salansar da ta sauko takan buɗe mahaɗinta, hayaƙi ya riƙa fita a ƙarƙashin mota maimakon can bayanta. A cikin hayaƙin akwai iskar nan mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari. Ita ce take kashe iyalan da suka kwana da janareta a cikin ɗaki. Mota tana gudu, iska takan jawo hayaƙin ta kowace huda da tsatsa ta yi a but ko a daɓen motar. Su wa suke zama a baya? Yara. Alamarta ciwon kai ne, da tashin zuciya, da barci. Uwa za ta ce tafiya ce ta gajiyar da su, ta bar su su yi barcinsu. Idan yara suna irin wannan a mota mai ƙarar salansa, a tsaya, a fitar da su su sha iska, a kai su asibiti idan ba su wartsake nan da nan ba.

Da aka gama, dattijon ya sa aka tayar da inji. Ya toshe bakin bututun da tsumma na ɗan lokaci, yana bin mahaɗai da kunnensa ko zai ji wurin da iska take fita. Ya sami ɗaya, ya ƙara ɗaure notinsa. Sa'an nan ya nuna wa direbanmu gwajin da kowa zai iya yi a gida da safe, kafin a tayar da mota, salansa tana da sanyi. A kama bakin bututun a girgiza. Ya kamata ya ɗan motsa ya komo wurinsa shiru. Idan ya bugi jikin mota, ko ya sauko ƙasa, ko kuwa ya ƙi motsi sam, a tafi wurin mai walda.

Aikin duka bai kai awa biyu ba. Kafin a sauko da motar mun zaga layin masu tukwane, ɗayanmu ya yi cinikin murhun gawayi domin uwargidansa. Kantin littattafai kuwa mun same shi ana shirin rufewa, sai da muka roƙi mai shi ya ba mu minti goma sha biyar.