Furen da taki da yawan ruwa ke kashewa

Kowane manomi ya san abu 3 da shuka ke so: ƙasa mai kyau, da taki, da ruwa. Wanda ya samu ukun nan ya sa ran amfani. A ƙasar da damina ba ta wuce wata 3 ko 4, ba a saba jin an ce ruwa ya yi wa shuka yawa ba. Amma akwai wani tsiro da abubuwan nan 3 ke kashewa, in an ba shi su yadda ake ba albasa. Sunansa orkide. Ba a noma shi a Maraɗi ko Damagaram, amma sanin halinsa zai amfani duk mai garka da mai renon ƴan itatuwa.

Orkide dangi ne babba. Masana tsirrai sun ƙirga iri fiye da 25,000. Waɗansu a ƙasa suke fitowa, amma mafi yawansu a bisa itatuwa suke zaune, cikin kurmin ƙasashe masu zafi da yawan ruwa. Wani zai ce ai wannan kauci ne. Sun yi kama wajen zama, amma halinsu ya bambanta. Kauci yana huda reshe ya sha ruwan iccen, har reshen ya bushe. Orkide kuwa wurin zama kaɗai ya ara, ba ya shan komi daga jikin iccen. Saiwoyinsa suna manne da ɓawo, waɗansu suna reto cikin iska. Suna da kauri, kuma suna da wata farar riga mai kama da soso. In an yi ruwa, rigar nan ta sha ta ƙoshi nan da nan. In ruwa ya ɗauke, iska ta buso, sai saiwar ta bushe. Haka yake rayuwa kullum, ya jiƙe ya bushe, ya jiƙe ya bushe.

Wani saurayi daga ƙasar Galmi ya ga wannan da idonsa. Tun yana yaro yake ban ruwan albasa, ba wanda zai koya masa aikin garka. Wata shekara hatsi bai yi ba, sai ya tafi cin rani Abijan. Ya samu aikin kula da furanni a gidan wani mai kuɗi. Uwargidan tana da tukwanen orkide a rataye cikin inuwa. Da ya duba, sai ya ga ba ƙasa a cikinsu, sai gawayi da guntayen ɓawon icce, ga saiwoyi sun fito waje. Tausayi ya kama shi. Ya ce a ransa wanda ya riga shi aikin nan rago ne. Ya sauke tukunya 4, ya cika su da baƙar ƙasa da kashin shanu, ya riƙa ba su ruwa safe da marece.

Kafin wata ya cika, ganyen ya yanƙwane, ya langaɓe kamar mai jin ƙishirwa. Saurayin ya ƙara ruwa. Abin ya daɗa lalacewa. Uwargida ta ce in furannin suka mutu, za a cire kuɗinsu daga albashinsa. Ga shi kuwa a gida ana jiran kuɗin hatsi.

Sai ya ɗauki tukunya guda ya kai wa wani dattijo Ba'adare da ya daɗe yana sayar da furanni a bakin hanya. Ya gaishe shi, ya ce: "Baba, safe da marece nake ba shi ruwa, amma ƙishirwa na neman kashe shi."

Dattijon ya kife tukunyar, ya kaɗe ƙasar. Saiwoyin sun yi baƙi, sun yi laushi, suna wari. Ya ce: "Ɗana, wanda ya nutse cikin tabki, ruwa ya rasa? Numfashi ya rasa. Saiwa ma tana numfashi."

Ya bayyana masa cewa saiwar da ta ruɓe ba ta iya shan ruwa, ko da tana kwance cikinsa. Shi ya sa ganyen ke yanƙwanewa. Alamar ƙishirwa da alamar nutsewa iri ɗaya ce a ganye, sai an duba saiwa ake rarrabe su. Suka gasa bakin wuƙa a wuta, suka yanke duk ruɓaɓɓiyar saiwa, suka mai da tsiron cikin gawayi da ɓawo. Cikin huɗun, 3 suka tashi, kuma saurayin ya tsira da aikinsa.

Ga abin da masu renon orkide ke zubawa cikin tukunya. Na fari, guntayen busasshen ɓawon icce, daga girman gujiya zuwa girman goro. Na biyu, gawayi. Na uku, tsingaro ko ɓaraguzan jan bulo. Na huɗu, ɓawon kwakwa, wanda ake jiƙawa kwana da kwanaki ana sake ruwan, don gishirin da ke jikinsa ya fita. A ƙasar Tailan, inda ake noman orkide don sayarwa ƙasashen waje, gawayi da ɓawon kwakwa ne aka fi aiki da su. Amfanin abubuwan nan shi ne su riƙe tsiron tsaye, su riƙe ɗan laima, su bar iska ta ratsa.

Zaɓin ya danganta da wuri, da kuma hannun mai ban ruwa. Manyan guntaye suna saurin bushewa. Ƙanana suna daɗewa da laima. Inda iska ke da laima, ko mutum na da nauyin hannu wajen ruwa, a yawaita gawayi da tsingaro. Inda iska ke bushe, a ƙara ɓawon kwakwa. Tukunyar ta zama mai hudoji a gindi da gefe, kuma kada ta yi wa saiwoyin girma, don tsakiyar babbar tukunya ba ta bushewa da wuri. Bayan kamar shekara 2, ɓawon yana ruɓewa ya koma kamar ƙasa. A lokacin nan sai a zubar da shi a sa sabo.

Wajen ban ruwa, ba a yanke rana a ce dole yau ne. Ana fara dubawa. A tura yatsa ko busasshen tsinke cikin tukunya. In ya fito da sanyi da laima, a jira. A ɗaga tukunyar a ji nauyinta. A dubi saiwa: a yawancin irin da ake ajiyewa a gida, saiwar da ta ƙoshi koriya ce, in ta koma fari-fari lokaci ya yi. Sau da yawa wannan kan zo daidai da sau 1 a mako. Cikin zafi ya fi haka kusa, cikin sanyi ya fi haka nisa. In za a ba shi, a kwarara sosai har ruwan ya zubo ta gindi, kamar ruwan sama. Kada a bar tukunyar zaune cikin ruwa. A yi da safe, don ganye ya bushe kafin dare. In ruwa ya kwanta a tsakiyar ganyen, a tsane shi da tsumma. Ruwan sama ya fi, don ruwa mai kanwa ko gishiri yana ƙona bakin saiwa. Taki kuwa kaɗan ake narkawa cikin ruwa mai yawa.

Kada a zaci wannan wasan masu kuɗi ne kaɗai. Banila, ƙamshin nan da ake sa wa biskit da alawa, ɗan wani irin orkide ne mai yaɗo. Asalinsa daga ƙasar Meksika yake, amma Madagaskar ce ta fi kowace ƙasa noma shi, musamman wajen Sambaba da Antalaha. A shekarar 1841, a tsibirin Reyuniyo, wani yaro bawa ɗan shekara 12, mai suna Edmond Albius, ya gano yadda ake haɗa furen da hannu don ya yi ɗa. Da dabararsa ake aiki har yau. Manoman banila suna shimfiɗa gindin yaɗon a gindin wani icce, kamar bini-da-zugu, su rufe da busasshen ganye. Suna neman gangare inda ruwa ba ya kwanciya, don ruɓewar saiwa na cikin manyan cututtukan da ke cinye musu gona. Sai bayan kamar shekara 3 yake fara fure. Wanda saiwarsa ta ruɓe ya yi hasarar wahalar shekarun nan duka.

A Sambaba, ruwan shekara ya wuce milimita 2,000. A Maraɗi wajen 500 ne, ga kuma busasshiyar iskar hunturu. Saboda haka orkide ba abin nomawa ba ne a ƙasar Hausa ta Nijar. Amma ƴan'uwa masu garka su lura, saiwar mangwaro da ta tumatir ma suna numfashi. Ƴan tumatir da ke faɗuwa daga wuya a wurin reno, sau da yawa yawan laima ne ya jawo musu cutar. Ɗan mangwaron da aka sa cikin leda marar huda, aka cika ta da laka, yana iya yanƙwanewa alhali gindinsa cike da ruwa.

Don haka mai reno ya huda gindin kowace leda kafin ya cika ta. Ya gauraya rairayi kashi 2 da ruɓaɓɓen taki kashi 1. In ya ga ganye ya langaɓe, ya fara tura yatsa cikin ƙasar kafin ya zura guga a rijiya. In ƙasar na da laima, ya bar ta ta sha iska, ya kai ruwan ga shukar da ke bukatarsa.