Kafuwa da Kufai: Duwatsun Tarihi na Gundumomin Arewacin Teksas

Matafiyin da ya ratsa filayen arewacin jihar Teksas ta Amurka zai riƙa cin karo da duwatsu a gefen hanya, kowanne da farantin tagulla mai ɗauke da 'yan layuka. Yawancinsu an girke su ne a 1936, shekarar da jihar ta cika shekara 100 da ɓallewa daga Meziko. Bayanin da ke jikinsu ba shi da yawa: yankin da aka yanko gundumar, ranar da majalisa ta ƙirƙire ta, ranar da ta sami hukumarta, sai kuma mutumin da aka sa mata sunansa.

Idan matafiyin nan mai lura ne, kafin ya wuce duwatsu uku zai ga cewa rana ɗaya ce ke maimaita kanta: 21 ga Agusta, 1876. A wannan shekara majalisar jihar ta shata gundumomi 26 na wannan yanki a kan takarda, alhali kusan babu Turawa mazauna cikinsu. Gundumar Wheeler, wadda ta fara samun hukuma, sai a 1879 ta tsaya da ƙafarta. Hedikwatarta ta farko, Mobeetie, ta taso ne daga zangon mafarautan ɓauna da ke kusa da barikin soja na Fort Elliott. Suna ya riga gari, iyaka ta riga jama'a.

A nan ne tambaya take: in ba ƙira, me ya ci gawayi? In da ƙasar fayau take, me ya kai bariki cikinta? Amsar tana shekaru biyu kafin ranar da aka sassaƙa. A ranar 28 ga Satumba, 1874, Kanar Ranald Mackenzie ya auka wa sansanonin Komanci da Kiyowa da Shayen a kwazazzabon Palo Duro. Mutanen da suka mutu a wurin kaɗan ne, amma ya ƙone tantunansu da guzurin hunturunsu, ya kuma sa aka harbe dawakinsu fiye da 1,000. Al'ummar da rayuwarta ta rataya a kan doki da ɓauna ba ta da sauran madafa. A watan Yunin 1875 Quanah Parker ya kai jama'arsa Fort Sill, cikin Oklahoma ta yau, ya miƙa wuya. Bayan wata 14 majalisa ta ɗauki alƙalami.

Saboda haka ranar da dutsen ya kira kafuwa, ita ce ta tabbatar da cewa mazaunin wasu ya zama kufai. Dutsen bai yi ƙarya ba. Kowace rana da ke jikinsa daidai take. Abin da ya yi shi ne zaɓen inda labari zai soma, kuma duk wanda ya zaɓi mafarin labari ya riga ya yanke hukunci a kan wanda ke da ƙasa.

Zuriyar Quanah kanta ta nuna yadda lamarin ya sarƙe. Mahaifiyarsa, Cynthia Ann Parker, Baturiya ce da Komanci suka kama a 1836 tana ƙarama. Gundumar Parker, wadda aka ƙirƙira a 1855, sunan Isaac Parker ta ci, ɗan'uwan mahaifinta. Garin Quanah kuwa, hedikwatar gundumar Hardeman, sunan ɗanta ne. Gida ɗaya ya ba taswirar jihar suna biyu, ɗaya daga ɓangaren da ya ci yaƙi, ɗaya daga ɓangaren da aka cinye.

Hukumar Tarihi ta Teksas, mai kula da allunan tarihi fiye da 16,000, ta fara wani shiri a 2006 na kafa alluna ga labaran da aka yi wa ƙwauro. Wannan gyara ne mai kyau, amma bai ɗauke wa mai nazari nauyinsa ba. Dutsen 1936 shaida ce a kan 1876, kuma shaida ce mafi ƙarfi a kan 1936 ɗin kanta, wato abin da jikokin masu nasara suka ga ya cancanci tunawa. Mai karanta shi ya kamata ya tsaya a kan ranar farko da aka rubuta, ya tambayi wanda ya kwana a wurin shekarar da ta gabace ta.