Mai Kanti Yana Ingila, Kaya Suna Gashuwa

Tun shekarar 1930 da hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Kano ta tuƙe a Nguru, mutanen wannan yanki suka saba da sayar wa mutumin da ba su taɓa gani ba. Gyaɗa da ƙaro da fatu su kan hau tarago, kuɗi su biyo baya. Saboda haka da intanet ta zo, abin da ta yi kawai shi ne ta ɗauke kanti daga bakin tasha ta sa shi cikin waya. Sabon abu guda shi ne, yanzu mai kantin yana iya zama a wata uwa duniya, kayansa kuwa suna gida.

Akwai wani ɗan Nguru da karatu ya kai shi Ingila, aiki ya riƙe shi. Yana tallar bandar kifi da busasshen barkono da shinkafar Gashuwa a Facebook da WhatsApp, masu saye kuwa yawancinsu suna Abuja da Ikko. Ƙanensa ne ke bin masunta da manoman fadama a bakin kogin Yobe, ya saya, ya ɗaure, ya ɗora a mota. Kuɗi duka asusun ƙanen su ke faɗawa, don shi ke gida. Wan ya ɗauka tun da ba ya ƙasar, ba shi kuma da rumfa, to, babu ruwan hukuma da shi.

Ana nan sai wani babban otal ya nemi ya riƙa sayen kifin da yawa, amma ya ce sai an nuna takardar rajista da lambar haraji, kuma ba ya zuba kuɗi sai a asusun kamfani. Cinikin ya wuce su. Daren nan ƙanen ya bugo waya ya ce, "Yaya, in yau ta Allah ta kasance a kaina, dukiyarka ta zama gadon 'ya'yana, don babu inda aka rubuta sunanka. In kuma hukuma ta tambayi kuɗin nan, ni za ta kama." Wannan magana ta fi asarar cinikin damun wan, domin ya ga ya ɗora wa ɗan'uwansa kayan da ba nasa ba.

Da ya bincika sai ya tarar rajista ba ta bukatar ya hau jirgi. Hukumar rajistar kamfanoni, watau CAC, wadda aka kafa a 1990, ta intanet ta ke karɓar takardu, muddin mutum yana da lambarsa ta ɗan ƙasa da adireshin ofis a Nijeriya. Hanya biyu ce. Ko ya yi rajistar sunan kasuwanci kurum, inda shi da cinikin abu ɗaya ne, bashin cinikin bashinsa ne. Ko kuwa ya kafa kamfani, wanda a idon shari'a ya ke tsaye da ƙafarsa, da asusunsa da lambar harajinsa. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda ko mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani.

Wajen haraji kuwa, doka abu biyu ta ke dubawa: inda mutum ya ke zaune, da inda riba ta tsiro. Wanda ya yi kwana 183 a Nijeriya cikin wata 12 mazauni ne, sabuwar doka ma ta kan duba ko yana da gida na dindindin, ko iyali da harkoki masu ƙarfi a ƙasar. Wanda ba mazauni ba ma, ribar da ya samo a Nijeriya ba ta kuɓuta ba. Kifin da aka kama a Gashuwa aka ci a Abuja, ai ribarsa ba ta taɓa ƙetare teku ba.

Nauyin kuma bai kai yadda ya ke tsoro ba. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe harajin riba ga kamfanin da cinikinsa bai wuce Naira miliyan 25 a shekara ba. Dokokin da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, sun ƙara ɗaga wannan iyaka. Amma fa yafe biya ba yafe lissafi ba ne: lalle kowace shekara a kai bayanin shiga da fita. Ingila ma ta kan tambayi wanda ya daɗe a cikinta abin da ya samu a ko'ina, sai dai yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1987 ta yi tanadin kada a biya sau biyu a kan riba ɗaya.

Gaskiya ne sunan haraji ba shi da daɗi a kunnen talakan Arewa. Ya tuna zamanin En'e, da dagaci da dogari, da jangalin da gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke tare da haraji a 1979 jama'a suna murna. Amma mutanen da sun san wani amfani na takardar haraji, shi ya sa su ke adana ta cikin hula: ita ke nuna mutum yana da gari. Yau ma wanda ya biya shi ke da bakin tambayar dalilin da kachala ta toshe hanyoyin ruwan da masunta ke ci daga gare su.

Mutumin nan dai ya kafa kamfani, ya rubuta wa ƙanensa nasa kaso baƙi da fari, zumunci ya huta da zargi. Ya san kome nisan jifa ƙasa zai faɗo, ran da ya dawo Nguru kuwa yana so ya tarar da abin da ke ɗauke da sunansa.