Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Kwamitin mujallar makaranta ya roƙe mu mu rubuta labarin tseren da muka je Legas, domin har yau akwai ɗaliban da ke tsammani tatsuniya ce a ce malamai daga Tudun Wada sun yi gudun kilomita 42 da ƙafafunsu. To, gaskiya ne. Mu uku ne: malamin lissafi, malamin wasanni, da mai koyar da Hausa. Ranar Asabar 8 ga Fabrairu 2020 muka shiga babban tseren birnin Legas, muka kuma gama shi da taimakon Ubangiji. Ba mu ciwo kyauta ba, amma mun dawo da wani darasi da muke so mu bar wa 'yan aji shida kafin su fita.

Da farko bari mu faɗi ko mene ne wannan tsere. Turawa na kiransa Maraton, mu kuwa mukan ce gudun yada-ƙanin-wani. Sunan wani gari ne a ƙasar Girka. An ce a shekara ta 490 kafin haihuwar Almasihu wani manzo ya sheƙo da gudu daga can zuwa Atina don ya kai labarin nasarar yaƙi. Saboda tunawa da shi aka sa tseren cikin wasannin Olamfik na 1896. Tsawonsa kilomita 42 da mita 195, wanda aka fara aunawa a London a 1908, aka kuma tabbatar da shi a 1921. Idan kuna son ku gane nisan, ku ɗauka mutum ya tashi daga Zariya ya nufi Kaduna a ƙafa, ya ci rabin hanya har da ɗoriya. Mutanen Afirka sun daɗe da yin suna a ciki. Abebe Bikila na Habasha ya ci zinariya a Roma a 1960 ba ko takalmi a ƙafarsa, ya sake ci a Tokyo a 1964. Na Legas kuwa an fara shi a 2016.

Abin da ya kai mu ga wannan aiki shi ne lafiya. Likita ya gaya wa malamin lissafi cewa jininsa yana hawa, ya ba shi magani, ya kuma ce lalle ya riƙa motsa jiki. Ya gwada shi kaɗai, bayan kwana huɗu ya bari. Sai malamin wasanni ya ce, "Malam, gudun mutum ɗaya ba ya daɗewa. Mu sa wa kanmu rana, mu yi tare." Dukanmu muka je asibiti aka duba mu, aka ba mu izini. Muka sayi takalman gwanjo a kasuwar Sabon Gari, muka fara a farkon Oktoba 2019. Mako 18 ke nan kafin ranar tsere.

Sau huɗu muke fita a mako. Mukan haɗu a ƙofar makaranta da ƙarfe biyar saura kwata, mu yi gajeriyar addu'a, mu kama hanya, mu dawo kafin a buga ƙararrawar taron safe. A makon farko kilomita 5 ma da ƙyar muke yi, muna haki kamar an koro mu. Maƙwabtanmu masu zuwa sallar asuba sukan tsaya su ce, "Malamai, lafiya dai? Wa ya biyo ku?" Daga baya suka saba, har wani mai shayi a wajen Ƙofar Doka ya riƙa ajiye mana ruwa a buta, bai taɓa karɓar ko kwabo ba. Ranar Asabar ce ta dogon gudu: daga Tudun Wada mu haye gadar Kubanni, mu bi ta PZ da Kwangila har Samaru, mu juyo. Wani lokaci mu nufi Wusasa saboda hawan da ke wajen dutsen Kufena. Dokar malamin wasanni ita ce kada a ƙara nisa fiye da kashi ɗaya cikin goma a kan na makon da ya wuce, domin ƙashi da jijiya ba sa sabawa da wahala da sauri kamar yadda numfashi ke sabawa.

Da hunturu ya kankama a Disamba, aka ga wanda ya yi niyya. Sanyi na ratsa ƙashi, hazo ya rufe hanya, leɓe na tsagewa sai da man kaɗanya. Akwai safiyar da kowannenmu ya so ya ƙara jan bargo. Abin da ke tashe shi kuwa shi ne sanin cewa mutum biyu na tsaye a ƙofar makaranta suna jiransa. Ko ranar Kirsimati sai da muka yi kilomita 8 kafin sujada. A tsakiyar Janairu muka yi gudu mafi tsawo, kilomita 32, daga nan muka riƙa ragewa don jiki ya huta.

Shugaban makaranta ya ba mu izinin kwana biyu. Muka hau motar dare ranar Laraba, muka sauka a Agege wurin 'yan'uwa masu bi da ke sujada da Hausa. Tun a daren farko muka ji bambanci. Iskar Zariya busasshiya ce, gumi na fita yana bushewa, jiki na sanyaya. A Legas iska cike take da laima, gumi ya yi ta zuba ba ya bushewa, zafi ya taru a jiki. Don haka malamin lissafi ya zauna da biro ya ce idan muka yi kowace kilomita cikin minti 7 za mu gama kafin awa 5. Muka yi alkawari a kan abu biyu: ba mai wuce wannan taki, ba kuma mai barin ɗan'uwansa a hanya.

Wajen ƙarfe shida da rabi na safe aka sake mu daga gaban babban filin wasa na ƙasa da ke Surulere. Jama'a ba ta ƙirguwa. Samari suka yi ta wuce mu kamar kibiya, wani ma ya juyo ya ce, "Baba, ku ƙara mai!" Jiki na cewa mu bi su, agogo na cewa a'a. Muka bi agogo. Muka ratsa titin Ikorodu, muka hau doguwar gadar nan ta uku mai haɗa tsibirin Legas da sauran gari, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12. Ba inuwa, ba gida, sai ruwa dama da hagu. Muna bisa gadar nan David Barmasai na Kenya ya riga ya gama cikin awa 2 da minti 10. A kanta kuma muka fara tarar da samarin da suka wuce mu, waɗansu na tafiya suna riƙe da ƙugu, waɗansu na zaune a gefen hanya.

Ga dalilin haka, 'yan ajin kimiyya su lura. Jiki yakan ajiye sukari a cikin tsoka da hanta, shi ne man da yake ƙonawa in ana gudu. Wannan ajiya takan ƙare wajen kilomita 30 zuwa 32, wanda ya fara da gaggawa kuwa tasa ta fi saurin ƙarewa. Daga nan sai jiki ya dogara ga kitse, shi kuwa a hankali yake ba da ƙarfi. Dogon gudun da mutum ya yi a watannin baya shi ke koya wa jiki yin tattalin wannan ajiya. Ba wanda zai iya samun wannan a safiyar tsere, ko nawa gare shi.

Bayan mun sauka gada mun wuce Ikoyi, wajen kilomita na 33, tsokar ƙafar malamin lissafi ta ɗaure, ya tsaya cik. Rana ta take, ga sauran kilomita 9. Ya dube mu ya ce, "Malamai, ku tafi, kada in ɓata muku lokaci." Malamin wasanni ne ya fi mu ƙarfi, da ya tafi da ya gama cikin awa 5 ɗin nan da muka yi wata huɗu muna buri. Ya durƙusa ya shiga murza masa ƙafa, ya ce, "Tare muka fito daga Tudun Wada." Muka ba shi ruwan gishiri da sukari da dabinon da muka ƙunso. Masu ba da agaji suka duba shi, suka ce zai iya ci gaba a hankali. Muka riƙa tafiyar minti biyu, sassarfa ta minti uku, har muka shiga Eko Atlantic inda ake gamawa. Awa 5 da minti 41. Muka tsallaka layi hannu cikin hannu, muka durƙusa muka gode wa Allah.

Ya ku ɗalibai, Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. A kilomita na 33 ba abin da ya taimake mu sai guzurin da muka tara tun a Zariya, kuma iri biyu ne. Na farko, safiyoyin nan na hunturu da ba wanda ya tafa mana. Na biyu, abokan tafiya waɗanda muka saba jiran juna. Manzo Bulus, a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korantiyawa, sura ta 9, ya kwatanta rayuwar mai bi da tsere. Mutanen Koranti sun san wasannin da ake yi kusa da garinsu kowace shekara biyu, inda ladan gwani rawanin ganye ne kawai. Abin da ya jawo hankalinsu a kai shi ne horon da ɗan tsere ke yi wa kansa tun ranar ba ta zo ba.

Jarrabawar WAEC ma haka take. Wanda ya bar karatu sai mako biyu kafin ta, yana shan kofi yana kwana a aji, shi ne saurayin nan da ya wuce mu a Surulere. 'Yan aji huɗu da aji biyar, naku hunturun ke nan, ku tashi. Ku kuma 'yan aji shida, inda za ku babu ƙararrawa, babu malamin da zai tashe ku. Ku nemi abokai biyu ko uku masu tsoron Allah, waɗanda za su jira ku a ƙofa, ku ma ku jira su.

Malamin lissafi yana nan lafiya, yana shan maganinsa yadda likita ya ce, bai kuma bar gudu ba. Duk ɗalibin da ke so ya gwada, ya kawo izinin iyayensa, ya same mu a filin makaranta ranar Asabar da ƙarfe shida. Da zagaye biyu za mu fara. Ubangiji ya ba mu jimiri har ƙarshe. Amin.