JALINGO: Zanen Ƙwarya, Gadon Da Ke Neman Magada

Matafiyin da ya taso daga Yola ya biyo ta Mayo Belwa da Zing, kafin ya shiga Jalingo sai ya ratsa ƙasar Mumuye mai duwatsu da gonakin doya iyakar ganin ido. Ta nan na biyo ran nan da na kai ziyara babban birnin Jihar Taraba, kuma ƙwarya ce ta kai ni.

Shi dai garin Jalingo bai tsufa can-can ba. Sarkin Muri Muhammadu Nya ne ya kafa shi a 1893, bayan ya ci Kona da yaƙi da taimakon bindigogin wani Bafaranshe, Laftana Mizon. Garin ya zauna cikin Jihar Gongola tun daga 1976, har ran 27 ga Agusta, 1991, lokacin da aka yanke Taraba. Amma sana'ar zanen ƙwarya ta girmi duk waɗannan, gama Filani da maƙwabtansu na kwarin Binuwai sun daɗe da shahara a kanta.

A wani gida da ke bayan gari na iske wata dattijuwa zaune a gindin murhu, da wuƙaƙe uku a cikin garwashi. Aikin kuwa tun daga gona yake farawa. Idan duma ya ƙosa sai a cire shi, a fafe, a jiƙa har cikin ya ruɓe, a kankare, a shanya. Daga nan sai mai zane ta ɗora ƙwaryar a cinya, ta zaro wuƙa ja wur, ta riƙa jan layi tana juya ƙwaryar da hannun hagu. Da wuƙar ta huce sai ta mai da ita wuta ta ɗauki wata. Ba ta awo, ba ta duba takarda, duk fasalin yana kanta. Kuskure ɗaya kuwa ya isa ya ɓata aikin yini, domin abin da wuta ta ci ba ya goguwa.

Har wa yau akwai masu sassaƙa zanen da kaifin wuƙa ba tare da wuta ba, sa'an nan su cusa alli ko baƙin tukunya da mai a cikin ramukan, zanen ya fito raɗau. Wasu kuma sukan rina ƙwaryar da karan dafi ta yi ja. A ƙasar Hausa maza aka fi sani da sassaƙar ƙwarya, amma a gidajen Filanin wannan yanki aikin mata ne, watau 'ya ta koya wurin uwa, uwa ta koya wurin kaka.

To, a nan gizo yake saƙa. A da, ɗakin amarya bai cika ba sai an jera ƙore masu zane, kuma da su ake gane gatan yarinya da gwanintar uwarta. Sai langa da fanteka suka shigo, daga bisani roba ta mamaye kasuwa. Na zaga babbar kasuwar Jalingo, na ga rumfunan roba birjik, masu ƙore kuwa sai da na yi cigiya. 'Yan matan gidan da na sauka duk suna makaranta, abin farin ciki, amma ba wadda na ga ta kusanci murhun nan. Ba na ganin laifinsu. Wa zai yini yana shaƙar hayaƙi a kan abin da ba zai sayi mudun masara ba?

Wannan matsala ba mu kaɗai ta sama ba. A biranen Jodhpur da Udaipur na ƙasar Indiya, da kasuwar Khan al-Khalili ta Alƙahira, akwai gidajen da suka gaji dasa farin ƙashi a jikin katako: a fafe gurbi, a yanka ƙashin daidai da shi, a manne, a goge har ya yi sumul. Da hauren giwa wasunsu ke aiki, sai aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe a 1989. Ba su rufe rumfuna ba. Suka dogara da ƙashin raƙumi da na shanu, suka koma yin tebura da akwatuna da gidajen madubi waɗanda baƙi ke so, ga shi kayansu suna kaiwa Ingila da Amurka. Ciniki ne ya riƙe 'ya'yansu a gindin iyaye.

Darasin a fili yake, jama'a. Gado ba ya rayuwa da yabo kurum, sai ya ciyar da mai shi. Ya kamata hukumomin al'adu na jihar su keɓe wa matan nan wurin baje koli, Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a Jalingo a 2008 ta tattara zane-zanen da sunayensu tun masu su na raye, mu kuma mu saya da daraja, mu daina tayin wulaƙanci.

Da zan tashi na sayi ƙwarya biyu da ludayi. Dattijuwar ta yi mini addu'a, ta koma kan wuƙarta ita kaɗai. Magabata sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya sa mu farga da wuri, amin.